Kabarin Shugaba da Ya Ƙi Yin Fari

Akwai wani mutum a tsibirinmu, can cikin tsibiran Marshal, ana kiransa Jorlang. Ubansa tsohon shugaban ƙasa ne, kuma Jorlang bai taɓa bari kowa ya manta da haka ba, ko a layin sayen shinkafa.

Da tsohon ya rasu aka kawo shi gida, aka binne shi a filin dangin uwarsa. A wajenmu, kwana shida bayan binnewa kowane gida yakan ɗebo farar tsakuwa daga bakin teku ya juye a kan kabari. Wanda ya juye kwandonsa ya yafe wa mamaci ke nan.

Ran nan gidaje goma sha biyu ba su zo ba. Tsakuwa ta rufe kabarin daga kai zuwa gwiwa, wajen ƙafafu ya tsaya baƙar ƙasa.

Jorlang ya taɓe baki ya ce, "Don wannan? A kawo tifa."

Aka kawo, aka cike wurin. Ruwan farko da aka yi, tsakuwar tifa ta nutse, baƙar ƙasa ta fito. Cikin shekara tara sau huɗu yana sakewa. Wasu suka ce ƙaguwa ce ke haƙa. Ni dai a nan na girma, ban taɓa ganin ƙaguwa mai zaɓen gefen kabari ba.

Wata rana Limaro, uwar Jorlang, ta ajiye tsintsiya ta ce masa, "Ubanka bai kwanta ba. Kullum na fito shara da hantsi ina ganinsa zaune a ƙarshen kabarin, yana kankare laka daga ƙafarsa."

"Mama, rana ce ta buge ki."

"To, rana ce. Ka dai je ka ga Neimako tun tana da rai."

Neimako tsohuwa ce daga cikin gidajen nan goma sha biyu. A zamanin mulkin tsohon aka gina mana filin jirgi, kuma a kan makabartarsu katafila ta bi. Filin ya ceci rayuka, wannan ba mai musu, masu naƙuda da yawa ta nan aka kai su asibiti. Amma ba wanda ya taɓa zuwa ya ce wa mutanen nan ko sannu.

Jorlang ya aika mata buhun shinkafa da katan ɗin kaji. Ta mayar. Ya sake aikawa, ta sake mayarwa. Da uwarsa ta daina cin abinci, dole ya taka da ƙafarsa.

Ya ce, "Bubu," wato kaka a yarenmu, "me kike so? Faɗi kawai."

"Kai ne ɗan Shugaba? Na zaci ka fi haka tsawo, yadda ake jin muryarka." Ta ɗauki sandarta. "Zo ka raka ni."

Ta kai shi filin jirgi da rana tsaka. Daga gindin wata kwakwa ta fara ƙirga taku, har ta tsaya a tsakiyar titin da jirgi ke sauka.

"'Yata tana nan. Watanta bakwai. Uwata tana can, taku uku. Duk ran da jirgi ya sauka nakan toshe kunne. Ubanka ya san sunan yarinyar, don tare muka yi makarantar coci da shi, amma bai tambaye ni ba kafin a bi ta kanta."

Jorlang ya dubi wurin da ta nuna. Can ya ce, "Ya sunanta?"

Tsohuwa ta dube shi. Shekara talatin da ɗaya take jiran wani daga gidan nan ya yi mata wannan tambaya. Ta faɗa masa, sai ga shi ya durƙusa a kan titin yana kuka.

Washegari ta zo da kwandonta, ta juye a ƙafar kabarin. Damina ta zo ta wuce, nata bai nutse ba. Sai dai ɗan wurin da ya yi fari bai fi faifai ba, tsakuwa ɗaya kuwa ba ta daɓe.

Jorlang ya ce, "Bubu, nuna min sauran gidajen, zan bi su ɗaya bayan ɗaya."

Ta ce, "Huɗu za ka samu, ɗana. Masu haƙƙin sauran bakwai ɗin sun mutu kana ta kawo tifa."

Ya bi huɗun, suka zo suka juye. Sauran wurin yana nan baƙi, kuma Limaro ta ce har yanzu tana ganin tsohon da hantsi, sai dai ƙafa ɗaya yake kankarewa.

Darasi: Mulki yakan gina wa mutum suna, amma ba ya saya masa yafiya, kuma ba wanda zai yafe a madadin wanda aka zalunta. In akwai wanda ku ko iyayenku suka taka, ku je ku same shi yau tun yana numfashi. Ku tura wannan labari ga wanda kuka san yana ta cewa sai gobe.