Sarki Zubairu da Wasan Tafkin Shaho

An yi wani sarki a birnin Kwarga ana ce da shi Zubairu ɗan Haliru, mutum ne mai kaifin fahimta da saurin zuciya, wanda in ya ga abin da yake so, hannunsa kan riga shawararsa isa wurin. Tsakanin ƙasarsa da ƙasar Maraki akwai Tafkin Shaho, wanda ba ya ƙafewa komai tsananin rani, kuma tun zamanin kakanni ake zub da jini a kansa.

Wata shekara Sarkin Maraki, wani dattijo mai suna Jatau, ya aiko manzo ya ce, "Na gaji da binne samari saboda ruwa. Mu zauna ni da kai a bakin tafkin kafin damina ta faɗi, mu buga shaɗaranji a gaban alƙalanmu, wanda ya ci, tafki nasa ne." Shi shaɗaranji wasa ne da fatake suka kawo daga gabas, ana yin sa a kan allo mai gidaje farare da baƙaƙe, kowa da rundunarsa ta itace: sarki da waziri, giwaye da dawaki da hasumiyoyi, sai dakaru a gaba. Wanda ya ritsa sarkin abokin wasansa har ya rasa mafita, shi ya ci.

Zubairu yana son wasan ƙwarai, saboda haka ya amsa tun manzo bai rufe baki ba. Sai bayan manzo ya hau hanya fatake suka ba sarki labari cewa ba a taɓa cin Jatau ba. Hankalinsa ya tashi, ya sa aka kira Waziri Ishaƙa, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana karatu a Masar, a can kuma ya ƙware a wasan har aka san shi.

Sarki ya ce, "Waziri, na ɗauki alkawarin da ya fi ƙarfina, kuma ba dama ka zauna a madadina. Ga jarrabawarka: ka ɗebo abin da ke cikin kanka ka zuba a nawa kafin ruwan farko."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ilimi ba ya zubuwa haka, amma ana iya leƙa shi. Zan yi wasa da kai ina faɗin duk abin da ya ratsa zuciyata a fili. Sharaɗina ɗaya ne, ka yarje mini in cinye ka ba tare da kunya ba, in kuma gaya maka inda ka yi wauta."

Sarki ya yi dariya ya ce ya yarda, aka shimfiɗa allo a inuwar zaure.

Waziri ya tura dakare zuwa tsakiya yana cewa, "Ina son tsakiyar allo, domin dokin da ke tsakiya yana kai sara ta ko'ina, wanda ke gefe kuwa rabin doki ne. Yanzu zan fito da giwata, don ba na motsa mayaƙi ɗaya sau biyu alhali 'yan'uwansa na barci." Can sai ya bar dakare guda ba mai tsaronsa. Sarki ya wawure shi da murna. Waziri ya tsallaka da doki ya sauka inda yake barazana ga sarkin itace da hasumiya a lokaci guda, dole sarki ya kauce, hasumiya ta tafi.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ka tambayi kanka abin da za ka ci, ba ka tambayi dalilin da ya sa na ba ka ba. Ni duk lokacin da abokina ya ɗage hannu, abin da nake fara tambaya shi ne, me yake nufi da ni? Sai na amsa wannan nake duba abin da nake so. In na sami motsi mai kyau, ba na taɓa shi sai na ce, in na yi haka zai yi haka, to daga nan fa?"

Haka suka yi ta yi, Waziri na magana, sarki na shan kaye. Wani lokaci sarki ya ture allo cikin fushi, Waziri ya tashi zai fita, amma kafin ya kai ƙofa sarki ya sa a komo da shi. Sannu a hankali sai sarki ya fara riga Waziri faɗin abin da zai faɗa. Ran da ya hango tarko tun kafin a gama ɗana shi, ya miƙe tsaye yana tafi kamar wanda aka yi wa albishir da ɗa, ya ce a jera runduna a sake.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, sarakunan biyu suka haɗu a bakin tafki. Jama'ar Kwarga suka cika gaɓa ɗaya, na Maraki ɗaya, alƙalai suka zauna, aka yi sharaɗi ba mai magana sai masu wasa. Waziri ya tsaya bayan ubangidansa ya harɗe hannuwa.

Jatau ya soma da natsuwa irin ta wanda ya saba, ya ɓoye sarkinsa a kusurwa bayan dakaru, sannan ya taso da giwayensa. Bai daɗe ba ya bar doki a fili. Hannun Zubairu ya miƙa, har yatsunsa sun kusa taɓa itace, sai ya janye ya sa hannun a ƙarƙashin cinyarsa. Ya duba, ya sake dubawa, ya ga in ya ci dokin nan hanya za ta buɗe har gidan sarkinsa. Ya ƙyale dokin, ya toshe hanyar. Jatau ya ɗago kai ya dube shi a karo na farko.

Wasa ya yi zafi. Jatau ya ci hasumiya, mutanen Maraki suka fara murmushi, na Kwarga gumi na keto musu. Zubairu kuwa ya kai dokinsa da wazirinsa na itace kusa da kusurwar da sarkin Jatau yake, domin ya hango wani abu da ya ji tsoron gaskata shi. Ya bi shi a ransa daki-daki, in na yi haka zai yi haka, har ya tabbata ba wata ƙofa. Sai ya ɗauki wazirinsa, mayaƙin da ya fi kowanne ƙarfi a allo, ya ajiye shi gab da sarkin Jatau, daidai inda hasumiya za ta cinye shi.

Wani gunaguni ya ratsa taro. Sarkin Jatau ba shi da ikon cin wazirin da kansa, domin doki na tsaronsa, ba shi kuma da gidan gudu, saboda haka dole hasumiya ta ci. Da ta ci sai ta tsaya a gidan da ya rage wa sarkinta na numfashi. Zubairu ya tsallaka da doki ya ce, "Shah mat," wato sarki ya mutu. Dakaru a gabansa, hasumiya a gefensa, mutanensa ne suka toshe shi.

Gaɓar Kwarga ta ɓarke da guɗa da kiɗa. Jatau ya daɗe yana duban allo, sannan ya ce, "Ɗan'uwana, ban taɓa shan kaye mai kyau kamar wannan ba. Tafki naka ne." Amma Zubairu ya lura da masuntan Maraki da makiyayansu sun yi cirko-cirko suna duban ruwan da aka raba su da shi.

Ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce, "Baba Jatau, tafki nawa ne bisa shaidar alƙalai, kuma na karɓa. Sai dai na san mutumin da garkensa ke mutuwa da ƙishi ba zai tuna da alkawarin allo ba, baɗi da mashi zai zo. Saboda haka mutanen Maraki su sha, su shayar, su kama kifi kamar mutanena, ba mai hana su."

Sannan ya juya ga Waziri Ishaƙa, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa masa a gaban sarakuna, ya ce, "Na ba da wazirin itace na sami tafki, amma na nama ba zan ba da shi ba ko da ƙasa guda. Na ɗora ka a kan hukuncin ruwan nan, kai da zuriyarka."

Waziri ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamaninka. Motsin dokin nan na san inda ka samo shi, amma wanda ka yi bayan an tashi wasa naka ne kai kaɗai."

Masu hikima suka ce, adalcin mai mulki shi ne ya auna inda hukuncinsa zai sauka a kan wanda ya rinjaya, tun kafin ya furta shi.