Shammar ɗin Gwaggo Ladingo

Ku gafarce ni, iyayena da yayyena. Ban kai in yi wa kowa wa'azi ba. Yau na fara rubuta labari.

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da, wani bawan Allah mai suna Nomau. Wata rana maƙwabciyarsa, tsohuwa Gwaggo Ladingo, za ta yi tafiya mai nisa jinyar 'yarta. Sai ta kai shi bayan ɗakinta ta nuna masa shammar ɗinta, wani tsiro mai siririn ganye kamar gashi, furensa rawaya a buɗe kamar 'yar laima. Marigayi mijinta ya zo da shi daga hanyar Makka, babu irinsa a garin. Da 'ya'yansa ake jiƙa wa jarirai ruwa in ciki ya murɗa.

Ta ce, "Nomau, amana ce. Ruwa kaɗan-kaɗan, kada ka cika."

Ya ce, "Da yardar Allah, Gwaggo."

To, ku saurara. Fure ya zube, tsuntsaye suka cinye 'ya'yan tun ba su ƙosa ba. Ganye ya yi ja, ya bushe, ya rage kara tsaye. Nomau ya duba da safe, ya duba da yamma, ya sake dubawa. Tuwo ya daina shiga.

Matarsa Tasalla ta ce, "Malam, tumɓuke shi ka huta. Ka ce akuyar Sarkin Fawa ce ta ci. Wa zai kai akuya ƙara?"

Ya ce, "Yau ba ta magana, Tasalla. Ranar hisabi fa?"

Ya ci gaba da zuba ruwa kaɗan-kaɗan, masu wucewa suna cewa, "Sannu da ƙoƙari, mai shayar da kara!"

Ranar da Gwaggo ta dawo, ya durƙusa gabanta ya ce, "Gwaggo, a hannuna ya mutu. Ba akuya, ba yaro. Ni ne."

Tsohuwa ta sunkuya ta tone gindin da yatsa. Jama'a, sai ga tofo kore shar!

Ta ce, "Wayyo ɗan nan, na manta ban gaya maka ba. Haka yake kwanciya duk shekara, daga saiwa yake tashi. Da ka tumɓuke, da jariran garin nan sun rasa shi har abada."

Kun ji. Ƙaryar da za ta rufa masa asiri, da ya yi ta, da ita ce ta kashe amanar. Ke da aka bar wa ƙani, kai da aka bar wa shago, in abu ya lalace a hannunku kada ku ɓoye, kada ku ɗora wa marar baki. Ku faɗi gaskiya, ku ci gaba da kula.

Ni dai bari in ajiye takardar nan a gefen tabarmar Malamar da ke koya mana rubutu, in ɗauki takalmana a hannu tun ba a ɗago kai ba.