Ramin da Ke Gindin Fiffike

Akwai wani saurayi a wata cibiya da ake koyar da zanen jirgin sama a kwamfuta, abokan karatunsa suna kiransa Hanzari. Sunan kuwa ya dace da shi. Kafin wasu su gama zana hancin jirgi, shi ya kai wutsiya.

Da kwas ya zo ƙarshe, aka raba ɗalibai bibbiyu. Za su zana ƙaramin jirgi marar matuƙi, inji ya fitar da sassansa da roba, su haɗa, sannan a tashe shi a filin bayan cibiya a gaban iyaye.

Hanzari ya ɗauki fukafukai. Gangar jirgin kuma ta faɗa hannun wata mata mai 'ya'ya uku da kowa ke ce wa Anti. Ita ba ta da sauri, layi ɗaya sai ta auna ta sake aunawa.

"Ƙanina, kawo in duba naka kafin mu tura wa inji," in ji ta.

Ya yi dariya. "Haba Anti! Kafin ki gama dubawa ai jirgin ya tsufa."

Ta koma kan aikinta. Ya tura wa injin haka nan.

Ranar da za a tashi jiragen, da safe, ya buɗe zanen don ya ɗauki hoton da zai nuna wa Ummansa. Ya juya fiffiken dama, ya sa manhajar ta tsaga shi gida biyu don a ga ciki. Nan take ya ga matsala.

Ramukan da ya huda don rage nauyi, ɗaya ya ci sandar da ke riƙe fiffiken, daidai inda take shiga gangar jirgi. Abin da ya rage bai fi kaurin farce ba. Daga waje kuwa babu mai gani.

Ya rufe kwamfutar. Ya sake buɗewa. Ramin yana nan.

Ta taga yana hango ana jera kujeru. Ga Umma can ta iso da maƙwabciyarta, tana nuna mata ginin da ɗanta yake karatu. A layin gaba yara ne zaune a ƙasa, har da na Anti.

Ya shiga banɗaki ya watsa wa fuskarsa ruwa. Wata zuciyar ta ce masa wataƙila fiffiken ya jure, ai tashi ɗaya ne. Wata kuma ta nuna masa jirgin yana juyowa ta saman kawunan yaran nan, farfela na gudu.

Ya fito ya sami Anti tana goge jirgin da gefen mayafinta.

"Anti," ya ce. "Kada mu tashe shi."

Ya nuna mata ramin a kwamfutar. Ta kalli allon, ta daɗe tana kallo. Idonta ya kawo ruwa. "Ka san yadda na yi na kawo yau? Da goyo nake zuwa ajin nan."

"Na sani. Laifina ne, ki yafe mini."

"Ba ni kaɗai za ka gaya wa ba. Mu je wajen Injiniya."

Injiniya, malaminsu, ya duba zanen. Ya riƙe jirgin, ya ɗan danna bakin fiffiken da yatsa biyu. Sai ji suka yi ƙas! Fiffiken ya rage a hannunsa.

"Yau ba ku da tashi," ya ce. "Amma kun ci jarrabawa. Da a sama ya karye, da yanzu wata maganar ake yi."

Haka suka tsaya a gefe suna kallon jiragen wasu ana ta tafi. Umma ta matso tana tambayar ina nasa. Da ya gaya mata komai, ta dube shi ta ce, "Kai da bakinka ka faɗa?"

"Eh, Umma."

Ta juya ga maƙwabciyarta. "Kin ji ɗan nawa ko? Shi ne ya hana jirgi faɗa wa 'ya'yan mutane."

Suka sake zanen a hankali, shi da Anti a kan allo ɗaya. Ranar da jirgin ya tashi babu taro, babu kujeru. Sai Injiniya, da Umma, da yaran Anti suna bin inuwarsa da gudu suna ihu. Hanzari bai ɗauke ido daga jirgin ba sai da tayoyin suka taɓa ƙasa.

Darasi: Duk iyawarka, ka bari wani ido ya duba aikinka. In kuma ka gano kuskurenka, ka faɗa tun kafin ya cutar da wani, ko da kunyar za ta yi maka nauyi. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, wataƙila akwai mai buƙatar jin wannan yau.