Maginin da Ya Ƙi Taka Ƙafarsa

Akwai wani magini wanda ya shekara talatin yana hawa tsani da bulo a ka, har gwiwarsa ta dama ta cinye. Aka kai shi asibiti, likita ya cire wadda ta lalace, ya sa masa ta ƙarfe. Ba abin da mutumin nan yake so kamar ya koma bakin aikinsa.

Da ya farfaɗo, sai ya ce, "Likita, wane irin siminti kuka liƙa ta da shi?"

Likita ya ce, "Baba, wannan ba ta da siminti. An shafe ƙarfen da wani abu mai kaushi, mai ƙananan ramuka kamar soso. Ƙashinka ne zai tsiro a ciki ya kama shi. Kai dai ka riƙa takawa kaɗan-kaɗan."

Babu siminti! Magini ya ce a ransa, "Tabɗi! Ni za a koya wa gini? Bangon da ba siminti, wa yake ɗora masa kaya?" A fili kuwa ya ce, "To, Likita." Ya koma gida, ya rungumi sanduna biyu, ya rataye ƙafar nan, ko ƙasa ba ta taɓawa. Matarsa ta yi magana har ta gaji. Ranar komawa asibiti ta zo, ya ƙi zuwa.

Shekara tara, jama'a! Tara cur!

A ta goma 'ya'yansa suka ɗauke shi dole. Aka ɗauki hoton ƙashin. Likita ya duba hoton, ya duba ƙafar da ta tsotse ta sandare kamar muciya, ya riƙe baki.

"Baba, ƙashin ya kama ƙarfen gam, sun zama abu ɗaya tun da daɗewa. Da ka riƙa takawa, da yanzu kana kan tsani. Amma naman ƙafar ya shanye, gwiwar kuma ba ta lanƙwasuwa. Me ya hana ka takawa?"

Magini ya dubi ƙafar. Sai hawaye.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Gwiwar ita ce sabon rai da Ubangiji ya ba mu cikin Almasihu. Ba a liƙa shi daga waje, mu ne muke girma a cikinsa yau da gobe. Takawa kuwa ita ce biyayya. Abin yana ba ni tsoro ƙwarai, domin a cikinmu akwai wanda aka yi wa baftisma tun yana saurayi, ga furfura ta fito, har yau bai taɓa gafarta wa ɗan'uwansa ba, wai yana jira ya tabbata bangaskiyarsa za ta ɗauki nauyin. Haba! Kyautar Allah ba ta da aibi, zamanka ne yake shanye ka. Sunan wanda kake riƙe da shi a zuci ya riga ya faɗo maka yanzun nan. In an tashi sujada, kada ka wuce ƙofar gidansa ba ka shiga ka gafarta masa ba.