Azurfar Wuyan Kande

Ku matso, yau ba barci za ku yi ba, gardama za ku yi.

Baba Jatau maƙerin fari ne a Katsina, tun zamanin da fatake ke tsallako hamada da kuɗin azurfa. Akwai wasu da wani ɗan sarkin Turai ya buga, ƙasarsa ma wai ba ta kai kasuwar ƙauye ba, tuni manyan ƙasashe suka haɗiye ta. Amma azurfarsa, kai! In ka jefa ta a uwar maƙera, sai ta yi ta amo. Jatau ya narkar da su duka ya yi mundaye, sai guda ɗaya da ya huda ya rataya wa matarsa Kande.

Da Kande ta rasu, mata suka haɗa azurfar cikin kayan sadaka, ba su sani ba. Tsoho ga makanta, ga kewa. Ya ture akushi ya ce, "Ko amonta ma ba ku bar mini ba?" Ya daina cin abinci, yana ramewa a gaban 'ya'yansa uku.

Babbansu Gambo direba ne. Ya ajiye mota, ya bi sawun azurfar hannu zuwa hannu, har rumfar wani dillali a Maraɗi. Can ya tarar da kwano cike da irinta, rabi jabu, ya rasa wadda zai ɗauka, ya aika gida.

Ƙanwarsa Lanti ta zo ta juye kwanon. Tana yarinya ta taɓa gartsa wa azurfar cizo a ƙirjin uwarta, har ta sha ranƙwashi. Ta lalubo tabon haƙorinta ta ce, "Yaya, wallahi ga ta."

Aka kawo, tsoho ya jefa, sai ta yi ƙus. Ya juya wa bango fuska ya ce, "Ba ita ba ce." Autansu Barau, magajin maƙerar, ya duba ya ga wani ya liƙe hudar da dalma. Ya kankare ta a hankali, ya jefa, sai amo ya tashi. Wayyo! Jatau ya yi kuka har gemu ya jiƙe, sannan ya ce, "Lanti, dama mini fura."

Da ajalinsa ya zo bayan shekaru, ya ce a ba da azurfar ga wanda ya dawo masa da Kande, kuma kada a kuskura a yanka ta, don azurfar da aka raba ba ta ƙara amo.

To, jama'a, Gambo, Lanti ko Barau, wa za ku miƙa wa?