Akwatunan da Rayén Ta Hana a Buɗe

Akwai wani manomin tumatir a gefen garin Angol, sunansa Don Eleuterio, mutum mai taushin zuciya da taurin kai. Duk shekara yakan sayi akwatunan manyan ƙudajen zuma masu gashi, irin da ake kawowa daga waje, su yi masa barbarar furanni a rumfar leda. Kaka na ƙarewa sai ya buɗe su a daji.

"Sun yi mana aiki, su ma su sha iska," in ji shi.

A bayan gidansa akwai bishiyar fure da marigayiya matarsa ta dasa. Nan moskardon yake sauka, ƙaton ƙudan nan namu na gida mai jan gashi. Duk ranar da tsohon ya gan shi sai ya cire hula, wai matarsa ce ta aiko gaisuwa.

'Yarsa Rayén tana aikin binciken cututtukan ƙwari. Wata shekara da kaka, sai Rayén ta ɗebi ƙudaje kaɗan daga akwatunan, ta duba hanjinsu a madubin ƙara girma. Ba ta ga komai ba.

"Kin gani? Lafiyarsu lau! Ba ni hanya."

"Baba, dakata. In ƙwayar cutar ba ta da yawa, madubi yakan tsallake ta. Saura gwajin ƙwayar halitta, shi ko ɓurɓushinta ne zai kamo."

Sakamako ya fito. Akwai cuta, irin wadda ke zama a kan fure ta kama ƙudajen daji irin su moskardon.

Don Eleuterio ya ce atafau. "Idonki bai gani ba, nawa bai gani ba, sai wani inji? Kashe su kike so in yi? Karatun rashin imani na kai ki?"

Rayén ta tsaya a ƙofar rumfar, ta rungume hannu.

"Kira ni duk abin da ka ga dama, Baba. Akwatin nan ba zai buɗu ba sai ka ture ni."

Bai ture ta ba. Ta kwashe akwatunan ta zuba a firiza don sanyi ya kashe ƙudajen, tana hawaye, don ita ma abin ya yi mata ciwo. Tsohon ya daina miƙa mata kofin mate, shayin ganyen da muke zagayawa a kofi ɗaya, kuma a wajenmu babu fushin da ya fi wannan. Manoman ƙetaren kogi suka yi ta dariya, suka saki nasu kamar kullum.

Ba a daɗe ba mutanen ƙetare suka fara tambayar juna ina moskardon ya shiga.

Bazara ta zo, bishiyar ta yi fure, babu baƙo. Tsohon ya yi ta zaman jira har ya rame. Wata safiya sai ga gurnani, ga jan ƙato yana lilo a kan fure. Don Eleuterio ya cire hula.

Ya shiga kicin, ya haɗa mate, ya miƙa wa Rayén.

"'Yata, sababbin akwatuna sun iso. Ki yi musu gwajin duka biyun. Uwarki ta ce in gaya miki."

Darasi: Tausayin da bai bincika ba yakan kashe wanda ake so. In ka tabbatar da gaskiya, tsaya a kanta ko da masoyinka ne zai yi fushi. Ku tura wa mai taurin kan da kuke ƙauna.