Malam Ɗahiru da Kogin da Ya Tashi

An yi wani bawan Allah a wani gari na bakin kogi, da daɗewa, ana ce masa Malam Ɗahiru. Labarin ƙasa yake koya wa 'yan ajin ƙarshe na sakandare. Baƙo ne a garin, ba shi da komai sai tsohon keke da hula wadda alli ya riga ya cinye launinta. Amma yana son aikinsa, yana son yaran nan.

To, ku saurara. A makarantar, sai wanda ya ci gwajin malaminsa ake sa sunansa cikin masu zana babbar jarrabawa. Malam Ɗahiru ya ce kowa ya zana taswirar garin. Duk suka kwafo ta littafi, wadda aka yi tun zamanin Turawa, kogi yana gabas da kasuwa. Sai yarinya ɗaya, Asabe, 'yar wani masunci, ta sa kogin a kudu.

Malam ya ja mata jan biro, ya ɗaga takardar a gaban aji. "Asabe, ke kika ɗauke mana kogi a tulu?" Aji ya kwashe da dariya.

Ta ce, "Gafarta malam, can yake. Kullum ina kai wa babana abinci."

Ya ce, "Littafi ya ce gabas." Ta faɗi gwaji ke nan.

Da wani ne, magana ta ƙare. Shi kuwa abin ya tsaya masa a rai. Ranar Asabar ya hau kekensa ya nufi gabas da kasuwa, littafi a hammata. Me ya tarar? Albasa! Albasa kore shar, har inda ido ya tsaya. Ya juya kudu, yana tura keke cikin yashi, sai ga ruwa, ga mahaifin Asabe yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi.

"Malam, lafiya, da ranar nan?"

"Kogi nake nema, Baba."

Tsohon ya yi dariya. "Ai ya tashi tun ambaliyar shekarar da aka haifi Asabe. Bai yi wa littafinku sallama ba ne?"

Ranar Litinin Malam Ɗahiru ya je wa firinsifal da maganar. Firinsifal ya ce, "Ka gyara mata maki a ɓoye, in ka ga dama. Malami ba ya cewa ya yi kuskure a gaban yara, za su raina ka."

Kun ji irin maganar da aka rene mu da ita. Ni dai na tsufa ban ga inda ta amfani kowa ba.

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, a gabansu na kunyata ta."

Ya shiga aji, takalminsa har yanzu da busasshen taɓo. Ya ce, "Shekara huɗu ina koya wa ɗalibai cewa kogi yana sake hanya, ban taɓa zuwa na duba namu ba. Asabe ce ta yi daidai, ni na yi kuskure. Asabe, 'yata, ki yafe mini." Ya miƙa mata alli. "Zo ki nuna mana."

Ta karɓa, ta zana kogin a kudu. Babu wanda ya yi dariya. Aka sa sunanta, ta zana jarrabawa, ta ci.

'Ya'yana, littafin da babu kuskure a cikinsa guda ɗaya ne, kun san shi. Sauran duk mutane suka rubuta, kuma ƙasa ba ta tsaya jiransu ba. Ku yi karatu, amma ku taka da ƙafarku ku duba. Iyaye da malamai kuwa, in ƙaramin da ke gabanku ya fi ku gaskiya, ku faɗa da bakinku, a wurin da kuka ƙaryata shi. Malam Ɗahiru ya yi haka, kuma har ya rasu, ɗalibansa in suka hango kekensa, tsugunawa suke yi.